Mai Zanen Inuwa

Takalmin ya ƙi shiga. Armaya'u ya durƙusa a zaure ya gwada na dama, ya gwada na hagu, amma ƙafafun Malam Abdulgaffar sun kumbura har idon sawu ya ɓace.

"Yanke igiyar," in ji Malam. "Na san wuƙarka tana jikinka."

"Haba Malam, takalmi mai kyau haka?"

"Ina zan kai kyansa? Yanke."

Armaya'u mahauci ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Malam a nan Batsari. Ya zaro ƙaramar wuƙar da yake gyara tsire da ita, ya tsaga fatar takalmin ta sama, ƙafar ta shige. Daga bayan labule muryar Hajiya Uwani, matar Malam, ta fito.

"Armaya'u, har da kai a biye masa? Likita ya ce ko masallaci kada ya taka."

"Hajiya, wallahi na yi magana har na gaji."

"Likita bai hana ni zama cikin mota ba," in ji Malam. "Yarinyar nan ta kira ni jiya, muryarta kawai na ji na san ta rikice. Safana ce fa, ba Legas ba. Kafin la'asar mun dawo in Allah Ya so."

Can sai hannunta ya ɓullo ta gefen labule da ledar magani da gorar ruwa. "Allah Ya tsare hanya," ta ce.

Mutanen unguwa sun daɗe ba su gane sana'ar Malam Abdulgaffar ba. An san ɗan manoma ne daga Wagini, an san ya yi karatun zanen gine-gine a Zariya. To amma bai taɓa nuna wa kowa wani bene ya ce shi ya zana ba. Shi abin da ke tsakanin gine-gine yake tsarawa: inda za a dasa itace, inda ruwan sama zai bi, inda mutum zai taka, inda zai zauna ya huta. Ya yi aiki a Kaduna, ya yi a Abuja tun tana jar ƙasa da motocin gini, yana tsara lambuna da shataletale da bakin tituna. Daga baya ya dawo Katsina ya koyar a makarantar kimiyya da fasaha har ya yi ritaya. In masu sayen nama suka tambayi Armaya'u me maƙwabcinsa yake yi da har ɗalibai ke zuwa masa daga nesa, sai ya ce, "Inuwa yake zanawa." A yi dariya. Da maganar ta kai kunnen Malam, cewa ya yi duk cikin takardun shaidarsa babu wadda ta faɗi aikinsa daidai kamar haka.

Ritayar ba ta raba shi da ɗalibai ba. Suna zuwa da manyan takardu a naɗe, wasu da kwamfuta a jaka, su cika zaure. Armaya'u ya sha jiyo shi ta katanga yana tambayarsu, "Ka je wurin da ƙafarka? Da wane lokaci? Ka ga inda akuya take kwanciya?" Cikin na baya-bayan nan akwai Mardiya, 'yar Runka, wadda iyayenta suka baro ƙauye suka koma Safana tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Aikinta na kammala karatu shi ne tsara farfajiyar wani ƙaramin asibitin haihuwa da ƙungiyar unguwarsu ta gina. Ba zanen takarda kawai ba ne, ƙungiyar ta ce abin da ta zana shi za a yi.

Armaya'u ne ya ja tsohuwar motar Malam, don da ƙuruciya ya taɓa yin yaron mota. Suka jira a bakin gari sai da rana ta ɗaga motocin kasuwa suka fara wucewa, sannan suka bi bayan wata a-kori-kura mai buhunan wake. Ba a bin hanyar nan kai kaɗai. Farkon damina ne, gero ya kai ƙauri a gonakin bakin titi, amma can ciki wajen duwatsu gonaki ne birjik ba wanda ya sa musu fartanya. Malam ya jingina kai yana kallo. Numfashinsa yana fita da ƙyar, amma bakinsa bai huta ba.

"Ka ga gawon can? Da damina yake zubar da ganye, don hatsi ya samu rana. Da rani ya yi ganye don dabba ta samu inuwa. Shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa zana abin da ya kai shi hankali ba."

"Malam, ka rage magana, ka tara ƙarfi."

"In tara in kai ina?"

Asibitin yana gefen gari, gini ne mai ɗakuna kaɗan da baranda. Gabansa fili ne tsirara, ruwan sama ya fara cin ƙasarsa. Itace guda ne a ciki, wata aduwa karkatacciya, mata sun cika ƙarƙashinta da goyo da katunan awo a hannu. Mardiya ta rugo ta buɗe ƙofar mota ta durƙusa.

"Baba, ina kwana? An zo lafiya? Ya ƙarfin jiki? Wayyo, da na san jikin ya kai haka da ban kira ba."

"Da ba ki kira ba da na yi fushi. Ya mutanen gida? Ya mahaifinki?"

"Lafiya lau, suna gaishe ka."

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Tayyib, ɗan kasuwar hatsi ne mai fara'a. Ya sa aka kawo kujera, aka yi gaisuwa mai tsawo, sannan aka shimfiɗa zanen Mardiya a kan benci, aka danne gefunansa da duwatsu. Armaya'u ya leƙa. Shi dai ya ga abu mai kyau: hanya miƙaƙƙiya daga bakin titi zuwa ƙofar asibiti, shingen furanni mai tsawo ya zagaye filin, kujerun siminti a jere suna kallon wani ɗan lambu a tsakiya.

"Ranka ya daɗe, ni ya yi mini," in ji Alhaji Tayyib. "Irin wanda nake gani a Abuja. Aduwar nan kawai za a sare don tana kan hanya. Mako mai zuwa za mu fara. Ita ce dai yanzu take ta jan ƙafa."

Mardiya ta sunkuya kusa da kunnen Malam. "Baba, malamina a makaranta ya sa hannu, ya ce ya yi. Amma duk lokacin da na zo nan na duba, sai in ji ba daidai ba ne, kuma na rasa mene ne. Don Allah ka gyara mini. In kai ka faɗa, Alhaji zai ji."

Malam bai ko kalli takardar ba. "Armaya'u, kai ni can," ya ce, yana nuna aduwar.

Armaya'u ya tallabe shi, Mardiya ta ɗauko kujera, amma ya ce tabarma yake so. Matan suka matsa suna gaishe shi. Ya zauna a ƙasa, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa, ya daɗe yana kallonsu. Wata tsohuwa da ta rako jikanyarta daga Tsaskiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ma awon ka zo, Malam?"

Mata suka kwashe da dariya, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Iya, inuwa ta fi yawa ta bayan itacen nan. Me ya sa kuka cushe ta nan gefe, rabinku cikin rana?"

"Nan ɗin dai ya hi muna," in ji tsohuwar, ta juyar da kai.

Sai a lokacin Armaya'u ya lura. Duk matan gefe guda suke fuskanta. Ba wadda ta ba titi baya.

Malam ya ɗago ya dubi ɗalibarsa. "Mardiya, ni ban gane ba. Ba gwada ki nake yi ba, da gaske ban gane ba. Ke kin sani?"

Ta tsaya riƙe da bakin hijabinta. Ta kalli matan, ta kalli titi inda wani mai babur yake wucewa, kawunan matan duk suka bi shi har ya ɓace. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Baba, ba ma zama inda ba ma ganin hanya. Ko a aji ni kusa da taga nake zama. Ranar da suka shigo mana, muna cikin gida ana daka, katanga ta kare mu, ba mu ji ba sai da babura suka iso ƙofa. Innata har yau ba ta rufe ƙyaure in tana tsakar gida."

Tsohuwar ta gyara wa jikanyarta mayafi.

"To kin gani," in ji Malam a hankali. "Na zana wa gwamnoni wurin shan iska, na zana wa ma'aikata wurin cin abincin rana. Ban taɓa zana wa mai tsoro wurin zama ba. Abin da na koya muku ke nan, a kewaye wuri a juya wa titi baya, shi kika zana, kuma kin zana shi da kyau. Wannan kuwa ke kika san shi, ba ni ba."

"To ka faɗa wa Alhaji."

"A'a. Aikinki ne. Ga shi can tsaye."

Armaya'u ya bi ta da kallo lokacin da ta nufi baranda wajen Alhaji. Ya so ya sa baki, Malam ya riƙe masa gefen riga. Daga inda suke suna jiyo ta. Da farko in-ina take yi, Alhaji yana cewa, "Eh, amma ɗiyata, ai shingen shi ne kyan abin." Sannan muryarta ta daidaita. Ta ce a bar aduwa, hanya ta kauce mata. Ta ce ba shinge mai tsawo, sai ciyawar jema gajera a layi-layi, ta riƙe ƙasa daga ruwa kuma ba ta tare ido. Ta ce kujeru su kalli titi, bayansu ya jingina da bangon asibiti, a dasa tsamiya da ceɗiya ta yamma, a riƙa sassabe rassansu na ƙasa don a ga waje. Ta ɗauki tsinke tana zanawa a ƙasa, Alhaji Tayyib ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna yana kallo.

Can ya miƙe ya zo wajen aduwa. "Ranka ya daɗe, kai me ka gani?"

"Ni rakiya na yo, Alhaji. Ga mai aikin nan."

Alhaji ya dubi matan da rabinsu ke cikin rana. "Ƙanwata ma daga Runka ta dawo wurina," ya ce. "Na ɗauka rigima ce take yi da ta ƙi ɗakin ciki." Ya shafa gemu. "To, Mardiya, sake zanawa. Za mu jira ki."

A hanyar dawowa hadari ya taso daga gabas, aka yi yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mota. Da suka wuce shingen sojoji na ƙarshe, Malam ya juyo ya dubi Armaya'u.

"Ka ji ta kuwa?"

"Na ji ta, Malam."

"Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ni ba da ta fara." Ya lumshe ido yana murmushi. "Alhamdu lillahi."

Daga wannan fita bai sake taka ƙofar gida ba. Ɗansa da ke aiki a Kano ya zo ya kai shi asibiti a Katsina, aka riƙe shi 'yan kwanaki, aka zuƙe ruwan da ya taru a ƙirjinsa, shi da kansa ya roƙa a maido shi gida. Hajiya Uwani ba ta taɓa yi wa Armaya'u maganar tafiyar Safana ba, shi kuwa abin yana ransa. Ran nan ya kawo romon kaza da matarsa Naja'atu ta dafa, ya tsaya a ƙofar tsakar gida ya ce, "Hajiya, da na ƙi jan motar nan..."

"Da ya hau babur ɗin haya," in ji ta. "Na fi ka saninsa. Shigo, yana ta tambayarka."

Mardiya ta zo da sabon zane ana saura kwana kaɗan Malam ya rasu. Idon Malam ya riga ya yi rauni, don haka ta zauna bakin tabarma tana faɗa masa da baki. Yana kwance bisa matasai, yana tambaya a guntule.

"Ruwan rufi fa?"

"Zai bi ta bayan kujeru ya shiga ramin tsamiya."

"Mai tsohon ciki in ta gaji a tsakiyar hanya?"

"Akwai dakali a gindin aduwa, Baba."

"Awaki?"

"Za mu kewaye kowane dashe da ƙaya har ya fi ƙarfinsu."

Ya rufe ido har suka ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, "To shi ke nan. Ba ni da sauran tambaya. In kin fara koyarwa, kada ki riƙa karɓar fensir daga hannun yaro. Ni na yi ta yi da farko, yara suka fita da zanena ba nasu ba." Ya nemi hannun Armaya'u. "Akwai dashe a bayan ɗaki cikin leda. Na tsamiya da ceɗiya a ba ta. Sauran duk mai so ya ɗauka."

Mardiya ta fita zaure ta yi kukanta a can, don kada ya ji.

Ran da zai rasu, da hantsi, Armaya'u yana mahauta ya gama fiɗa ke nan Naja'atu ta kira shi a waya ta ce ya zo, Hajiya na nemansa. Ya wanke hannu sama-sama ya hau babur. Ya tarar Malam ya ce a fito da shi daga ɗaki, ɗansa kuma ya kasa ɗaga shi shi kaɗai. Suka kama shi su biyu. Armaya'u ya yi mamakin rashin nauyinsa, in ban da ƙafafun. Suka kwantar da shi a tsakar gida. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana da sanyi, ganye yana ɗiga jefi-jefi.

"Sarkin Fawa," in ji Malam, da sunan tsokanar da yake kiransa, "ka baro nama a rana."

"Yara suna wurin, Malam."

"Mu yafi juna."

"Ba ka yi mini komai ba sai alheri. Ni ne zan ce ka yafe mini."

"Na yafe. Allah Ya yafe mana."

Hajiya ta zauna ta wajen kansa tana ɗiga masa ruwa da cokali. Ɗansa yana karanta Yasin a hankali. Leɓunan Malam suna motsi, Armaya'u ya matso da kunne ya ji kalmar shahada ce, sai ya riƙa maimaita ta tare da shi. Numfashin ya riƙa nisa da juna. Aka jira na gaba, bai zo ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya, ta sa tafin hannu ta shafe masa ido.

Bayan azahar aka kai shi. Armaya'u na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Kwanakin zaman makoki sai ga baƙi da unguwar ba ta taɓa gani ba. Motoci daga Kaduna, daga Abuja, daga Zariya. Wasu da furfura fal a gemu, su zauna a tabarma su ce, "Ni ɗalibinsa ne." Wani babban mutum mai direba ya ba Armaya'u labarin yadda Malam ya taɓa sa shi wuni guda a tashar mota, ba takarda ba fensir, don kawai ya ga inda masu jiran mota suke tsayawa. Ya faɗa yana dariya, sai kuma ya ciro hankici. Alhaji Tayyib ya zo da mutanensa, ya ce an fara haƙa ramukan dashe, Mardiya tana can tsaye kan ma'aikata, ta ce in ta bari ruwan bana ya wuce Baba ba zai so ba.

Da aka yi addu'ar uku aka naɗe tabarmi, unguwa ta koma yadda take. Da yammar ranar Armaya'u yana tsakar gidansa yana wasa wuƙaƙe don aikin gobe. Naja'atu ta taka turmi tana leƙen katanga, tana taya Hajiya hira, tunda takaba ta hana ta fita. Yana jiyo ƙarar ruwa daga buta, a zuba, a tsaya, a matsa gaba a zuba. Hajiya ce take bin sauran dashen da ba a ɗauka ba.

"Naja'atu," ya ji ta ce, "tambayar mini maigidanki. Akwai wani a nan ƙarshe, mai ƙananan ganye ja-ja. Kullum za a ba shi ruwa ko sai an tsallake? Ban ma san sunansa ba."

Naja'atu ta waiwayo. Armaya'u ya ajiye wuƙa ya yi tunani.

"Ce mata ni ma ban sani ba. Sai in Mardiya ta zo."

Naja'atu ta faɗa. Can sai ya sake jin ruwan yana zuba, kaɗan-kaɗan.